KASET ƊIN DA NA BINNE A CIKIN KWALLA

 Yau kam faɗa na zo yi, kuma da mu mata zan yi shi. Masu jiran labarin soyayya su yi mini haƙuri sai littafi na gaba. Wadda kuma ta ji na taɓo inda yake yi mata ƙaiƙayi kada ta ga laifina, domin kafin in taɓa kowa kaina na fara taɓawa.

Abin da ya jawo wannan rubutu magana ce guda ɗaya da yayar maigidana ta yaɓa mini. Ranar wata Asabar ce da hantsi, ina tsugune a tsakar gida ina wankin kayan makarantar yara, na jingina waya a jikin bokiti waƙa tana tashi a hankali, ni kuma ina bi. Sai ga ta ta yi sallama. Ko zama ba ta yi ba ta tsaya ta riƙe haɓa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah! Amaryarmu, ke yanzu da girmanki, uwar 'ya'ya huɗu, kike sauraren wannan kiɗan mahaukatan? Ai na zaci wata 'yar sakandare ce a gidan." Na yi murmushi na ce, "Sannu da zuwa Yaya," na kashe wayar na shimfiɗa mata tabarma. Ban mayar mata ba, domin gaba take da ni. Amma wallahi maganar ta kwana tana ci na, kuma ba maganarta ce ta fi ci na ba, saurin da hannuna ya yi wajen kashe wayar nan kamar an kama ni da kayan sata, shi ya hana ni barci.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane. A shekarar 2003 ina aji uku a makarantar kwana, yayana ya dawo daga hidimar ƙasa da kwali guda na kaset-kaset. A ciki na tsinci wani mai hoton maza uku da mace ɗaya da wata doguwar kujera. An rubuta The Cranberries a jiki, sunan kaset ɗin kuma No Need to Argue. Na saka a rikodar Baba don neman magana kawai. Allah Sarki! Muryar matar nan na fita na ji tsigar jikina ta tashi. Murya ce siririya mai taushi kamar ta mai lallashin jariri, can kuma sai ta karye ta haura sama kamar guɗa, amma guɗar da aka yi da kuka. Turancina a lokacin bai kai ya kawo ba, balle irin nata da harshe ya karkata. Duk da haka sai da na roƙi Yaya ya bar mini shi. Na yi shekara biyar da kaset ɗin nan. Da biro nake juya shi don kada batir ya ƙare, sau biyu zarensa yana tsinkewa ina liƙe shi da jan farce. Ranar da na faɗi jarrabawar lissafi shi na saurara, ranar da aka sa mini rana ma shi na saurara.

A 2008 aka yi bikina. Daren da za a kai ni, gwaggona ta zaunar da ni tana yi mini nasiha, ta ce, "'Yar nan, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Duk wani shirmen ƙuruciya ki bar shi a bakin ƙofar nan." Ba ta ambaci kaset ba, ba ta ma san da shi ba. Ni da kaina na yanke masa hukunci. Na naɗe shi a tsohon ɗankwali na jefa cikin wata kwalla daga cikin kayan jere, na rufe. Kwallar ta hau saman kabad, ta yi zamanta. Sai a 2023 da za mu tashi daga gidan haya muka sauko da kaya, na buɗe ta ina neman abin da zan bayar, na ga ɗankwalin. Shekara 15 cif.

Rikoda kuwa babu ita a gidan, babu a maƙwabta. Babban ɗana ne ya karɓi kwalin ya duba ya ce, "Umma, ai duk suna YouTube." Kafin in rufe baki ya nemo. Muryar nan ta fito daga waya tamkar jiya muka rabu. Na zauna a kan buhun kaya na rasa abin da zan ce. Yaron ya ci gaba da karanta abin da aka rubuta a ƙasa, sai ya ɗago ya ce, "Umma, ai matar ta rasu tun 2018." Shekara biyar da mutuwarta ban sani ba. Mutumin da ya raka ni dukan 'yanmatancina ya bar duniya ina can ina jajjagen kayan miya.

Daga ranar na shiga neman labarinsu, abin da ban taɓa yi ba ina yarinya. Ga abin da na samu, don ku san waɗanda aka kira mahaukata. 'Yan wani gari ne mai suna Limerick a ƙasar Ailan, tsibirin da ke yamma da Ingila. Wasu samari ne suka kafa ƙungiyar a 1989: Noel Hogan mai kaɗa jita, da ƙanensa Mike Hogan mai jitar nan mai kaurin sauti, da Fergal Lawler mai ganguna. Mawaƙinsu na farko ya bar su, sai a 1990 wata yarinya 'yar shekara 18 ta zo gwaji. Ita ce Dolores O'Riordan, 'yar ƙauye, auta a gidan talakawa masu 'ya'ya da yawa, wadda ta koyi waƙa a cocin garinsu. Suka ba ta kaset mai kiɗa zalla, ta tafi da shi gida, cikin mako guda ta dawo da waƙar da daga baya duniya ta sani da suna Linger. Irin kiɗan nasu shi Turawa ke kira rok, reshen da ake ce wa altanatif, wato na matasan da suka kauce wa salon da manyan kamfanonin faifai suka saba sayarwa, suka yi nasu yadda ransu yake so. Faifansu na farko ya fito a 1993, na biyu, wato nawa na cikin kwalla, a 1994.

To, a cikin kaset ɗin akwai waƙa ɗaya mai suna Zombie, wadda ta fi kowace ƙara da rugugin jita. Ita ce ma take tashi lokacin da Yaya ta shigo. Ina yarinya ina son ta ne don tana sa ni jin kamar in fasa ɗaki da gudu. Ban san abin da ya haife ta ba sai da na girma.

Ƙasar Ailan a rabe take. Kudu tana cin gashin kanta, arewa tana ƙarƙashin Birtaniya. Kusan shekara 30 aka yi ana zubar da jini a kan arewar, tsakanin masu son a haɗe ta da kudu, da masu son ta zauna da Birtaniya, da sojojin Birtaniyar kansu. Sama da mutum 3,500 suka mutu. Ranar Asabar 20 ga Maris 1993, ƙungiyar IRA ta masu ɗauke da makamai ta dasa bama-bamai biyu a cikin kwandunan shara a kan titin kasuwa a garin Warrington na Ingila. Washegari ranar girmama iyaye mata ce a can, saboda haka titin cike yake da yara masu sayen kyauta. Johnathan Ball, ɗan shekara 3, a nan take ya mutu. An fito da shi ne ya sayo wa uwarsa kati. Tim Parry, ɗan shekara 12, ya yi kwana biyar a asibiti shi ma ya cika. Fiye da mutum 50 suka ji rauni. Dolores 'yar Ailan ce, kuma da sunan Ailan aka dasa bam ɗin. Sai ta rubuta waƙar nan tana yi wa masu kisan tsawa, tana nuna cewa ita kam ba da yawunta ba. Tana da shekara 21 a lokacin.

'Yan uwa, ranar da na karanta wannan autana yana da shekara uku, yana kwance a cinyata. Na sake kunna waƙar, sai na ji wata waƙa daban. Abin da na ɗauka ihu ne ina 'yar shekara 14, ashe kukan makoki ne. Mutanen Ailan suna da tsohuwar al'ada ta mata masu kukan mutuwa a kan gawa, kuma masana kiɗa sukan danganta karyewar muryarta da wannan al'ada. Mu nan Kano wa zai koya mana wannan kukan? Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, da bama-bamai suka tashi a garin nan aka rasa sama da mutum 180, ina goye da babban ɗana, maigida yana kasuwa, wayarsa ba ta shiga. Har bayan isha'i ina tsaye a zaure, ƙafafuna sun ƙi zama. Allah ya dawo mini da nawa, wasu matan har yau ba su ga nasu ba. Da a ce kaset ɗin nan yana hannuna a waɗancan kwanaki, da na san akwai wata mace a wata uwa duniya da ta taɓa jin irin abin da nake ji har ta yi masa murya. Amma yana cikin kwalla, ni na saka shi.

Kuma kada a ce kukan mata ba ya komai. Kwanaki kaɗan bayan bam ɗin Warrington, wata matar aure a birnin Dublin mai suna Susan McHugh ta kira gangami, dubban mutane suka fito titi suna cewa ya isa haka. IRA ta tsagaita wuta a ƙarshen Agusta 1994, waƙar ta fito a Satumba. Aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ranar 10 ga Afrilu 1998, kuma a Disambar shekarar The Cranberries suna cikin waɗanda suka yi waƙa a birnin Oslo a bikin ba John Hume da David Trimble kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ban ce waƙa ce ta kawo sulhu ba, 'yan siyasa ne suka zauna suka yi shi bayan doguwar wahala. Amma muryar yarinyar nan tana cikin muryoyin da suka sa kisa ya zama abin kunya. A watan Afrilu 2020 bidiyon waƙar ya haura kallo biliyan ɗaya a YouTube. Wannan shi ne kiɗan mahaukatan.

Na san abin da wata za ta ce. Za ta ce, to faɗa mana ƙarshen mawaƙiyar taki mana. Zan faɗa, ba na ɓoye-ɓoye. Ranar 15 ga Janairu 2018 aka tsinci gawarta a bahon wanka a wani otal a Landan, tana da shekara 46, ta bar 'ya'ya uku. Binciken da aka kammala a Satumbar shekarar ya nuna nutsewa ta yi bayan ta sha giya ta yi yawa, kuma tsautsayi ne. Mummunan ƙarshe ne, Allah ya tsare mu da zuri'armu. Amma ku ji sauran. A 2013 ta fito ta faɗa da bakinta cewa tun tana shekara 8 har zuwa 12 wani da aka amince da shi yake lalata da ita, ta haɗiye abin shekara da shekaru. Daga baya likitoci suka tabbatar tana da ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya yi sama ya yi ƙasa tsakanin zumuɗi da baƙin ciki. Ni ban ɗauke ta abin koyi a rayuwa ba, addininmu daban, tarbiyyarmu daban. Abin da na ɗauka daga labarinta shi ne, abin da mace ta danne a ciki ba mutuwa yake yi ba, cin ta yake yi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne, amma kuma ba rumbu ba ne. Abokan aikinta uku sun haɗa muryar da ta bari suka fitar da faifai na ƙarshe mai suna In the End a 2019, suka ce daga nan sun rufe, ba za su sa wata a gurbinta ba.

Yanzu mu dawo gida, inda faɗan yake. Ina tambaya, wane namiji ne aka taɓa ce wa ya bar abin da yake so a bakin ƙofa ranar ɗaurin aurensa? Wanda yake son Arsenal yana saurayi, da furfurarsa za ki gan shi a gidan kallon ƙwallo yana ihu. Wanda ya tashi da Shata, ga shi nan a motarsa yana kaɗa kai, alhali Shata ya rasu tun 1999, kuma ba wanda ya ce masa ya girma. Majalisarsu tana nan, darar su tana nan, abokan firamare suna nan. Ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan, daidai suka yi. Mutum ba maciji ba ne da zai saɓule fatarsa ya bar ta a hanya. Amma ita mace fa? Wadda ta iya gaɗa ta daina. Wadda take rubuta waƙoƙi a bayan littafin makaranta ta daina. Wadda take zane, wadda ta haddace waƙoƙin Lata Mangeshkar kaf, wadda take karanta littafi uku a mako, duk sun daina. Ki tambayi matar da ta shekara goma a ɗaki me take so, za ta lissafa miki abin da maigida yake so da abin da yara suke so. Ki ce a'a, ke fa? Sai ta yi dariya ta ce, "Ni kuma? Ai mun girma." Shekararta 29.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Daren da na nemo waƙoƙin nan, maigida ya shigo ya tarar da ni da jajayen idanu. Na ba shi labari ina ɗari-ɗari. Ya yi shiru, can ya ce, "Shekara goma sha biyar muna tare ban san kina son wani abu haka ba. Wa ya hana ki?" Na buɗe baki in ambaci suna, na rasa sunan da zan kama. Bai hana ni ba. Baba bai hana ni ba. Na san akwai mazan da suke hanawa, masu fasa rediyo da yaga littafi, ba na wanke su, kuma ranarsu tana zuwa a wani rubutun. Amma mu faɗi gaskiya komai ɗacinta: da yawanmu mu muke haƙa ramin da hannunmu tun ba a ce mu haƙa ba, don a ce mana masu hankali. In mun gama binne namu kuma sai mu koma gadin kabarin 'yan uwanmu. Gwaggo ta binne nata, ta koya mini. Yaya ta binne nata, shi ya sa ganin nawa a fili ya tsaya mata a rai. Daga baya na ji a bakin maigida cewa a zamaninsu duk unguwar ba wadda ta kai ta iya kiɗan ƙwarya, in ana biki ita ake jira ta zo ta yi na Barmani Choge. Yau ko tafi ba ta yi. Da na ji haka sai haushinta ya fita daga raina, tausayi ya shiga.

Kada a juya mini magana. Wadda ta bar sauraren kiɗa saboda abin da ta fahimta daga malamanta, ta bari don Allah, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, ina girmama ta, kuma ba da ita nake ba. Da ke nake, wadda kika bari don tsoron bakin dangin miji, kina kuma sauraren na bikin 'yar maƙwabta har ki taka. Haka kuma ban ce a bar tukunya ta ƙone ana jin waƙa ba. Wankin da nake yi ranar nan ya fita tas. Ban ce kuma a koma ƙuruciya ba, domin ba ta komuwa. Na bi faifansu ɗaya bayan ɗaya, na tarar wasu waƙoƙin da nake mutuwar so da yanzu ba sa motsa ni, wasu ma hayaniyarsu ta yi mini yawa. Wata kuwa mai suna Ode to My Family, wadda take kewar iyayenta da gidansu a ciki, da can wuce ta nake yi don ta yi mini sanyi. Yanzu da Baba ya kwanta dama ba na iya kai ta ƙarshe ban share ido ba. Kaset ɗin bai sauya ba, ni ce na sauya, kuma sai da na saurare shi na san iyakar tafiyar da na yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da nake tsoro shi ne wannan. Yara za su girma su watse. Miji yana iya rasuwa, yana iya ƙaro aure, yana iya sakin ki, duk mun gani a gidajenmu. Ranar da ɗakin ya yi shiru, da wa za ki zauna? In kin binne duk abin da yake naki tun kina 'yar 19, za ki waiga ki tarar ba kowa a ɗakin, har ke. Daga nan ne ake fara sa ido a kan surukai da ƙirga cokalin kishiya, domin zuciyar da aka hana abinta sai ta nemi na wani ta taɓa. Kuma 'ya'yanmu mata suna kallo. 'Yata ta biyu ta tambaye ni, "Umma, ashe ke ma kin taɓa zama yarinya?" Dariya na yi, amma tambayar ba ta dariya ba ce.

Saboda haka ya ke amarya mai shirin tarewa, ki tafi da hankalinki da ladabinki, ki kuma tafi da abin da kike so, ki nuna wa mijinki shi tun a watan farko don ya san wadda ya aura. Ke kuma uwargida, yau in kin sallami yara makaranta, ɗauko kujera ki taka ki sauko da kwallarki. Na san akwai abin da kika naɗe a ciki. In kuma kika shiga gidan ƙanwarki ko matar ƙanenki kika tarar ta fito da nata, ki riƙe bakinki, ko ki zauna ki tambaye ta labarinsa.

Kaset ɗina yana nan a kan kabad a fili, kusa da hoton Baba. Ba ya yi, zaren ya riga ya manne, a waya nake ji. Yaya ta sake zuwa bayan sallah ƙarama, waƙar tana tashi. Na gaishe ta, na shimfiɗa mata tabarma, na rage sauti saboda girmanta, amma ban kashe ba. Ta harari wayar ta yi shiru. Da za ta tafi na raka ta zaure na ce, "Yaya, an ce ke ce gwanar ƙwarya a da." Ta ce, "Wa ya faɗa miki wannan shirmen?" Ta juya da sauri tana gyara mayafi. Na sayi ƙwarya biyu na ajiye, ina jiran zuwanta na gaba.

Nan zan dakata. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, ya shirya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.

Taku har kullum.